Gudun Rage Ƙiba Ya Jawo Mini Duka

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gaishe ka da aiki. Sunana Garba, mahauci ne ni a kasuwar shanu ta Potiskum.

Likita ne ya ce ƙiba za ta kashe ni. Sai na bar kitse, na koma cin zogale da wake, na fara gudu da safe. Rannan na bi ta wata unguwa da ba a san ni ba, kawai wani ya ƙwala ihu, "Ɓarawo!" Kafin in buɗe baki an rufe ni da sanduna da duwatsu. Aka fasa mini kai, aka karya mini hannu. Ina ji wani yana cewa a kawo taya da fetur. Allah ya jefo wata tsohuwa mai sayen nama a wurina, ta faɗa kaina tana kuka, "Garba ne! Sai dai ku ƙone mu tare!"

Yanzu ina kwance da ɗauri, matata ta rantse in na sake gudu gidansu za ta tafi. Masu sauraro, ku ba ni shawara, yaya mutum zai motsa jiki a garin nan ba a kashe shi ba?