Injin Kan Allo

A wani asibiti a Gyaɗi-Gyaɗi, Inna Uwani ta kasa ɗauke ido daga naɗaɗɗen hannun saurayin da ke gefenta.

"Sannu, ɗan nan. Mota ce?"

"Injin yanka katako ne, Inna. Aikin kafinta nake koyarwa."

"Malami guda, inji ya ci ka?"

"A kwalejin horar da malaman sana'a, a allo ake zana mana shi, don ba wuta. Da na fara koyarwa, ɗalibai suka ce in kunna musu na gaske."

"Sai ka ce ba ka iya ba mana!"

"A gaban yara?"

Ta ja tsaki. "To, aikin fa?"

"Yana nan. Yatsu biyu injin ya bar min, sun isa riƙe alli."