Zogalen Safiya Ya Tsiro

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ce Maman Safiya daga Kafur.

A asibiti aka ce 'yata Safiya jininta ya yi ƙasa, in riƙa ba ta zogale. Sau biyu ina shuka irin a ledar ruwa, cikin laka da ɗanyen kashin kaji, yana ruɓewa. Hankalina ya tashi.

Maƙwabciyata Iya Talatu ta ce, "Ke, dafa shi kike yi! Haɗa yashi da tsohon taki, ki huda ledar."

Malam, da na yi haka, duk suka tsiro, na dasa! Jiya Safiya ta ci kwaɗon farko, har da ƙari.

Yanzu yaya zan yi da awaki, kada su cinye min shi? Ina gaida matan ajinmu na yaƙi da jahilci.