Amin Ɗin da Na Hana Ƙanena

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, Ubangijinmu mai rai. Salamarsa ta zauna tare da ku, iyaye da 'yan'uwa.

Yawancinku kun san ni. Ni ne Bitrus mai shinkafa. Ina saro shanshera, wato shinkafa da ƙaiƙayinta, a Zabarmari, in kai inji a casa, in sayar a kasuwa. Ban gaji shago ba, ba wanda ya ɗora ni a kan hanya. Da buhu biyu na fara, a bakin titi, ina fakewa a inuwar shagon wani. Ni ba mai iya magana a gaban jama'a ba ne, ciniki na sani. Saboda haka zan faɗa muku abin yadda yake, ba ƙari ba ragi.

Ba ciwon jiki Allah ya warkar mini ba. Ban taɓa shan giya ba. Abin da ya ɗaure ni shekara da shekaru hassada ce, kuma wanda nake yi wa ita ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, Dauda.

Dauda ya tafi Turai karatu. Ni na tsaya a aji uku na sakandare, na shiga kasuwa da Baba ya rasu. Lokacin da garin nan ya shiga wahalar da kuka sani, ina nan. Ni na riƙe Mama, ni nake kai ta asibiti idan hawan jininta ya tashi, ni nake sauke buhu a ƙofar gidanta kowane wata. Amma ku saurari yadda Mama take gabatar da mu ga baƙi. Ni ne «Bitrus na kasuwa». Shi kuwa «ɗana na Turai». Ni ba ta sa mini «ɗana» ba.

Wata rana ya aiko hoto. Yana tsaye a gaban wata baƙar mota mai sheƙi, da babbar rigar sanyi, ƙanƙara fara fat a bayansa. Mama ta zaga da wayar nan gida gida a Old Maiduguri. Ta nuna wa matan zumunta, ta nuna wa mai keke Napep da ya ɗauko ta, har mai sayar da gawayi sai da ya gani. Ta miƙo mini ta ce, «Bitrus, duba ƙanenka.»

Na ce, «Na gani, Mama. Ya yi ƙiba.»

A raina kuwa cewa nake yi, ita shinkafar da ke kan wutarki, ƙanƙara ce ta kawo ta?

Na koma gida na kasa cin abinci. Matata Rifkatu ta tambaye ni ko ciniki ne ya lalace, na ce mata kaina ne ke ciwo. Washegari na je na sa aka sake wa tsohuwar motata fenti, baƙi kuma. Ku duba wauta! Motar ɗaukar buhuna, na yi mata fentin motar da na gani a hoto.

To, ga inda Shaiɗan ya samu ƙofa. Kowace Laraba a taron addu'a, Mama takan miƙe ta ce, «Ku taya ni roƙo, Allah ya ba Dauda takarda.» Ku duka kukan ce amin da ƙarfi. Ina zaune a benci na uku, nan inda Baba Ishaku yake zaune yanzu. Ni ma ina motsa leɓe, amma sauti ba ya fita. Ban taɓa cewa amin ɗin nan ba, ko sau ɗaya.

Domin ni da na ji «takarda», takardar makaranta na ɗauka. Ya samu ta farko, mun yi godiya a nan, an yi rawa. Ya samu ta biyu, aka sake rawa. Na ce wato ta uku yake nema, a dawo ana kiransa Dakta, ni kuwa ina nan ina kaɗe ƙaiƙayi daga riga. Mama ma abin da ta ɗauka ke nan. Mu a nan idan an ce wane ya samu takarda, ai karatu ya gama.

Ana nan sai Dauda ya kira ni. Ya ce, «Yaya, don Allah ina da roƙo. Ina son takardar shaidar haihuwata da ta asali daga ƙaramar hukumarmu. Ta ainihi, mai hatimi, ba hoto ba. Sai da su za a ba ni takarda.»

Na ce, «To, Dakta, za a duba.»

Ya yi 'yar dariya ya ce, «Wane Dakta kuma, Yaya?» Ban bar shi ya ƙarasa ba, na ce ina da masu saye a gabana.

Mama ta matsa mini, na hau mota na tafi garinmu. Kwana biyu na yi, na samo duka biyun, da hatimi da sa hannu. Na dawo Maiduguri na sa su a ambulan, na buɗe durowar shago, na ajiye a ƙarƙashin allurar ɗinkin buhu da zare. Na kulle.

'Yan'uwa, wata huɗu suna nan!

Duk lokacin da ya kira, amsa ɗaya ce. «Mai sa hannun ya yi tafiya.» «An ce in dawo mako mai zuwa.» «Ka san aikin ofis a ƙasar nan.» Ni da ban taɓa rage wa mutum mudu ba, na zama mai shirya ƙarya kamar ana biya na. Kuma kada in ɓoye muku, daɗi nake ji. Idan na ji muryarsa ta yi sanyi sai in ce a raina, to, kai ma ka ɗanɗana jira.

Allah bai aiko mini da fasto ba. Wani tsoho ya aiko mini, Musulmi ma, Babarbare, Ba Modu, wanda na daɗe ina sayen shanshera a hannunsa a Zabarmari. Ranar muna zaune a kan tabarma ana auna buhuna, ya ce, «Wushe, Bitrus. Ya Mama? Ya mutumin Turai?»

Na ce, «Yana can yana neman takarda. Ta uku ke nan. Shi dai ba ya ƙoshi.»

Ba Modu ya ajiye goron da zai kai baki. Ya ce, «Wace takarda? Ta makaranta, ko ta zama?»

Na ce, «Takarda ai takarda ce.»

Ya ce, «Kai, ɗan kasuwa, shinkafa ka sani. A nan takarda abin ado ce, a rataya a bango. A ƙasar mutane takarda ita ce numfashi. Ni na zauna a Saudiyya da ƙuruciyata ba iƙama, wato takardar zama. Shekara uku ban taɓa tafiya a tsakiyar titi ba, kullum gefen bango. In na hango motar 'yan sanda, sai in shiga shagon da ba abin da zan saya. Haƙori ya yi mini ciwo har ya ruɓe, ban je asibiti ba. Mutum ya mare ni, ni na ba shi haƙuri. Kuma duk wasiƙar da na aiko gida, cewa nake lafiya lau.»

Ya dube ni ya ce, «Ka tambaye shi?»

Na ce, «Ban tambaya ba.»

Ya ce, «Kai da kake tsaga buhu ka duba ƙasansa kafin ka saya?»

Na yi dariyar yaƙe, na ɗora kayana na kamo hanya. Amma har na wuce Dusuman maganar ba ta sake ni ba. Gaskiya ita ce ban tambaya ba don ba na son in ji. Na fi son Dauda na cikin hoto, domin shi ne nake iya ƙi.

Da rana tsaka na isa shago, na kira shi. Na ce, «Dauda, takardar nan da kake nema, ta mece ce?»

Sai ya ce, «Yaya, Mama tana kusa?»

Na ce, «Ni kaɗai ne.»

Nan ya buɗe mini. Takardar zamansa ta ƙare bayan ya gama karatu. Ya samu wanda zai ɗauke shi aiki, amma ofishin shige da fice sun ce akwai bambanci a rubutun sunansa, sai ya kawo shaida daga gida. Motar hoton nan ta maƙwabcinsa ce, ya dai jingina da ita. Shi keke yake hawa. Ya ce a can ko titi ba kowa, in danja ta nuna ja sai ya tsaya kamar gunki, don kada ɗan sanda ya samu dalilin tambayarsa. Ya daina bi ta tashar jirgin ƙasa saboda a nan ake yawan duba mutane. An sace masa waya a hanya, bai kai ƙara ba.

Ya ce, «Shekaranjiya fitilar bayan kekena ta mutu ban sani ba. Ɗan sanda ya tsayar da ni a kan fitila, daga fitila aka zo kan takarda. Sun ba ni kwana goma in kai shaidar, in ba haka ba in tattara in bar musu ƙasa. Kuma in suka fitar da ni, ba dawowa.»

Na ce, «Me ya hana ka faɗa tun farko?»

Ya ce, «Da hawan jinin Mama? Kuma kai, Yaya, nauyin gida duka a kanka yake. Na san kana ƙoƙari da mutanen ofis ɗin nan. Kullum ina gaya wa abokaina, da ba don yayana ba da ban san inda Mama take ba yau.»

'Yan'uwa, ina riƙe da waya da hannun dama, hannun hagu kuwa yana kan durowar.

Na ce masa zan sake kira. Na jawo ƙofar shago na rufe, masu saye suna tsaye a waje. Na durƙusa a tsakanin buhuna. Ban iya addu'a mai tsari ba, abin da na ce shi ne, «Yesu, ni mugu ne. Na zauna a gidanka kowace Laraba ina hana ƙanena amin. Na kulle numfashinsa a durowa. Ka cire mini abin nan daga ƙirji, ni na kasa.» Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka binne Baba. Ina nan durƙushe sai na ji kamar an sauke mini buhu daga wuya. Haleluya!

Na tashi na sake kiransa. Na ce, «Dauda, ba laifin ofis ba ne. Takardunka suna hannuna wata huɗu. Ƙyashinka nake yi.»

Sai ya ce, «Ƙyashina, Yaya? Ni da nake mafarkin in zauna a ƙofar shagonka in ci ɗanwake ba mai tambayata ko ni wane ne?» Ya kashe wayar. Kuma yana da gaskiya.

Ban jira ya huce ba. A take na tafi kamfanin aika saƙo, na ce mafi sauri nake so. Kullum da safe sai in je in tambaya ina ambulan ya kai, har ma'aikatan suka gaji da ganina. Ranar da na aika, daga kamfanin na wuce wurin Mama na faɗa mata komai. Ta dube ni ta ce, «Bitrus, kai da kake gabana kullum, sai na yi ta kiran sunanka? Wanda ba na gani shi nake kira don kada ya ɓace mini.» Ta yi kwana biyu ba ta ci shinkafata ba, tuwon dawa take sa a yi mata. A na uku ta aiko a ce in zo, miya ta yi yawa.

Ambulan ya isa hannun Dauda saura kwana ɗaya. Ya kai, suka karɓa, suka ce ya je ya jira. Laraba ta zagayo, Mama ta miƙe kamar kullum ta ce, «Allah ya ba Dauda takarda.» Waɗanda suke nan ranar za su tuna wani ya daka amin har jaririn Malama Hannatu ya farka da kuka. Ni ne.

Bayan makonni aka ba shi izinin zama na shekara guda. Shi ya kira ni da kansa. Ya ce, «Yaya, na yafe. Amma ka sani, na sayi fitila biyu.» Yabo ga Ubangiji!

Ba zan ce muku na zama mala'ika ba. Kwanan baya ya aiko sabon hoto a wurin aikinsa, na ji abin ya ɗan motsa a ƙirjina. Amma yanzu na san sunansa, kuma na san inda zan kai shi. Na durƙusa, ya kwanta.

Akwai masu 'ya'ya da ƙanne a ƙasashen waje a cikinmu. Kada ku tsaya a kan hoto. Ku kira su, ku tambaye su wace takarda, kuma ku bar su su ƙarasa magana. In kuma akwai wanda yake zaune a nan yana motsa leɓe kamar yadda na yi, ɗan'uwa, Yesun da ya same ni a tsakanin buhunan shinkafa ya san bencin da kake. Ka ba shi abin, zai karɓa.

Na gode wa Allah da ya cece ni kafin in hallaka ɗan'uwana. Izinin Dauda na shekara ɗaya ne, zai sake nema. Saboda haka yau ba Mama ce za ta roƙa ba, ni ne. Allah ya ba ƙanena Dauda takarda, cikin sunan Yesu.

Amin!