Alamar da ke Bangon Baba

A tashar Bagudo, muna jiran motar Kaoje ta cika, na ji wata mata tana tambayar dattijon da ke gefenta.

"Baba, lafiya kake ta zufa haka?"

"Ina lafiya, ɗiyata? Daga Benin na ƙauro, na gina ɗaki biyu babu takardar izini. Jiya na tarar an yi man rubutu ga bango. Can wurinmu, rusau ke biyo alama."

"Da jan fenti?"

"Da alli."

Ta kwashe da dariya. "Masu rigakafin yara ne, Baba! Jikokinka suka ɗiga ma magani. Amma ka nemi takardar kafin masu fenti su zo."

"Alhamdu lillahi! Direba, yi sauri, na bar yara suna kwance kwanon rufi!"