Ramin da Na Ƙi Faɗa

Salama a gare ku, ƴan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu.

Ƙarfe goma da kwata na safe, ranar Asabar, muna bakin tafkin Madarunfa, mun kai matasa wanka. Akwai ni, Ishaku mai yin tubali. Akwai Fasto, da Daniyel malamin lakwal, wato makarantar boko, wanda ake kira Mushe kamar kowane malami, da matasan ikilisiyarmu na Sabon Gari da na Tsibiri. Mulkin soja ake, sai da aka karɓo takardar izini kafin mu cika kamiyo, babbar motar da ta kawo mu. Zan faɗi abin bi da bi.

Na farko. Shekara da shekaru ni ke riga kowa shiga ruwa. In ɗauki doguwar gora in auna zurfi, in kafa turaku, in ce, "Daga nan ba mai wucewa." Ba a taɓa rasa kowa a hannuna ba.

Na biyu. A wannan shekarar Fasto ya miƙa wa Daniyel gorar, wai ya iya iyo, har da usur a wuyansa. Matasa sai "Mushe, Mushe!" Yaron da aka raɗa wa suna a gabana! Hassada ta hana ni cin tuwo kwana uku.

Na uku, nan zunubin yake. Lokacin da aka yi fari tafkin ya janye, mu masu tubali mun bi laka muka haƙa rami wajen gabas, zurfinsa ya kai gaba biyu. Ɗan ruwan da ya dawo ya rufe shi. Duk cikin waɗanda suka zo ranar ni kaɗai na sani.

Daniyel ya zo ya rusuna. "Baba Ishaku, akwai inda zan kiyaye?"

Na ce, "Ai kai ne mai usur. Boko bai gaya maka ba?"

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Ya nufi gabas yana aunawa. Bakin ramin ya zabtare da shi, laka ta riƙe ƙafafunsa, gora ta kuɓuce. Iyo bai yi masa rana ba.

Na tsaya, ƴan'uwa. Allah shaida ne, na tsaya! Zuciyata tana cewa, "Bari ya ɗan sha, su san babba."

Sai ga gorar ta taso har gabana. Na yi ihu, "Ya Yesu, cire mini wannan abu, mutum zai mutu!" Nan take ƙafafuna suka saku. Na san inda ƙasa ke da tauri, tunda ni na haƙa. Na miƙa masa gora, ni da Fasto muka ja.

Da ya amayar da ruwa ya ce, "Baba, ka ceci raina."

Na ce a gaban kowa, "Ni na haƙa ramin, kuma da gangan na ƙi faɗa maka."

Daniyel ya miƙe tsaye. Can ya ce, "To, Baba, tashi ka nuna mini sauran wuraren da zan kiyaye."

Godiya ta tabbata ga Ubangiji da bai bar ni da alhakin rai ba! Ba zan yi ƙarya ba, har yau in na ji usur ɗin nan, abin yakan motsa, sai in kira sunan Yesu ya kwanta. Ku dogara gare shi.

Roƙona biyu ne. Wanda ya san rami, ya faɗa kafin a shiga ruwa. Sannan ku sa ni cikin addu'a ranar Asabar mai zuwa, don Daniyel zai riƙe gora, ni zan bi shi da turaku.