Ranar da Na Kai Ƙanƙara Asibiti

'Yan'uwa, gaisuwa a gare ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ku matso kusa, ni Rifkatu mai zoɓo ta Kubwa, ina da magana.

Mun daɗe da aure ni da maigidana Bitrus, ba haihuwa. A wani asibiti cikin gari aka haɗa ƙwaina da irinsa, aka daskarar aka ajiye. Likita ya ce ba zai sa mini a mahaifa ba sai hawan jinina ya sauka.

To ni firiza ce sana'ata. Na san abin da ke samun zoɓo in an ɗauke wuta. Ko ƙiftawa ƙwan lantarki ya yi, gabana ya faɗi: shi ke nan, 'ya'yana na can suna narkewa. Ba ci, ba sukuni, jini kuwa sai hawa yake.

Ran nan aka wuni ba wuta. Na cika kula da ƙanƙara, na hau bas zuwa asibitin, kwandasta na ta mita wai ruwa na ɗiga wa mutane a ƙafa. Sista mai kula da ɗakin ajiyar ta buɗe kular, ta kama hannuna. Ta nuna mini wani tulun ƙarfe mai fitar da farin hayaƙi, inda aka ajiye ƙwaina. Ba ruwansa da wuta, in ji ta, wani ruwa mai tsananin sanyi ake ƙara masa.

"Mama, ƙanƙararki in ta shiga nan, ruwan zafi ce."

Na yi dariya, amma tsoron ya biyo ni gida. A gaban firizata na durƙusa, na ce, "Ya Uba, ni ba zan iya tsaron yaran nan ba. Na bar maka, kuma ba zan karɓe ba."

Daga ranar na daure. A ɗauke wuta, in kama waƙar yabo, in haɗiye maganina, in ci tuwona. Wata rana zuciya ta ce je ki duba, na ce ba inda za ni.

Jini ya sauka. Aka sa mini ƙwan a mahaifa. Ga 'yata Godiya nan a bayana tana jan ɗankwalina. Yabo ga Ubangiji!

Ku dogara gare shi. Ke 'yar'uwa, wace kula kike ta ɗauka har yau, kin ƙi saukewa?