Banɗakin Surukina Zai Kashe Mu

Salamu alaikum, mai gabatarwa. Ni ne Garba tela, daga garin Abuja.

Surukina ya gina bene, ya ja famfo da lantarki, ya ba mu ɗakin ƙasa, shi yana sama. Tun watan jiya bututun banɗakinsa ke yoyo, ruwan na bin waya yana ɗiga ta ƙwan ɗakinmu. Ranar Talata matata ta taɓa makunni, wuta ta ja ta, har yau hannunta rawa yake. Mun koma aci-balbal.

Da wane baki zan yi wa suruki zancen banɗakinsa? Matata kuma 'yar farinsa ce, ko sunanta ba ya faɗa. Wallahi dabara ta ƙare mini. Jama'a, ku ba ni shawara kafin a yi gawa.

Baba, na san rediyonku a kunne yake. A gafarce ni.